Filin Mata: Kukan Daɗi

 

Mun yi makonni muna zancen tsabtar madafi da yayen yaro. Yau ina so mu ɗan sauke tukunya, mu yi dariya kaɗan, sa'an nan in dariya ta lafa mu duba abin da ke ƙarƙashinta.

Akwai wani ciwo da ya ke yawo a gidajen masu hali. Likita bai san maganinsa ba, mai tallar sassaƙe ma bai sani ba, amma Hausawa tun dā sun raɗa masa suna, su kan ce kukan daɗi. Alamominsa su ne tsaki, da ajiyar zuciya, da yawan cewa "ni kam na gaji da duniyan nan." Ba ya kama mace sai ta ci ta ƙoshi. Na yi wata biyu ina tattara irinsa cikin wani ɗan littafi, a gidajen biki, da bakin majami'a bayan an tashi sujada, da wajen mai kitso. Ga waɗansu daga ciki. Ban sa sunan kowa ba, saboda haka wadda ta ji nata sai ta yi dariya tare da mu, ba mai sani.

Wata uwargida ta iso sujada ran Lahadi ana addu'ar rufewa. Da aka tambaye ta ko lafiya, sai ta ce ai ba ta da abin sawa. Ashe akwati uku ta buɗe tun da asuba. Wannan zane an gan ta da shi ran Ista, wancan matar maƙwabci ta sayi irinsa, wancan kuwa ɗankwalinsa bai dace da takalmi ba. Har rana ta yi tsaka tana zaune a tsakiyar atamfofi kamar mai shago a Kantin Kwari, tana jin tausayin kanta.

Wata kuma na same ta ta haɗa kai da gwiwa a gaban firiji. Surukinta ne ya aiko da rago guda, yankakke, ba sanarwa, ga firiji kuwa ya cika maƙil da kaji da kifi, ba wurin da za a cusa ko da ƙafa ɗaya. Ta dube ni ta ce, "Malama, wannan wace irin jarraba ce?"

Akwai wadda na'urar sanyaya ɗakinta ta hana ta barci. In ta kunna, sanyi ya yi yawa, in ta kashe, zafi ya taso. Ta kwana cikin bargo a watan Afrilu, a Kano fa, ta tashi da mura, ta yi kwana uku tana ba kowa labari. Akwai wadda ƙarar janaretanta ta hana ta jin abin da a ke faɗi cikin talabijin. Akwai wadda maigida ya fita da motar da ta ke so, ya bar mata ɗayar, mai launin da bai yi mata ba. Akwai wadda ta sauko daga bene ta zauna, kana ta tuna ta bar tabarau a sama, ta ce wanda ya fara gina bene bai ƙaunaci mata ba. Na bikin aure kuwa ba su ƙidayuwa: lalle bai kama sosai ba, tela ya ƙara wa hannun riga yatsa guda, mai ɗaukar hoto ya ɗauke ta ta gefen da ba ta so.

Ku 'yan makaranta kada ku yi saurin dariya, gama kuna cikin littafina. Na ji yarinya tana kuka ranar ziyara domin an kawo mata soyayyar kaza da madara da sukari, amma ba a kawo irin biskit ɗin da ta faɗa ba. Na ji wata a lokacin hutu tana cewa rayuwa ta yi mata wuya, don igiyar cajar wayarta ba ta kai bakin gado, sai ta tashi zaune.

Abin mamaki, ciwon nan ya taɓa ɗaukewa na ɗan lokaci. Kun tuna farkon shekarar 2023, sa'ad da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace daga hannun mutane? A watan Fabrairu na shekaran nan na ga matan manya, masu dubbai a banki, suna lallashin mai tumatir ya ba su bashin na miya. Ba wadda ta yi zancen launin mota a makonnin nan. Da kuɗi suka dawo hannu, tsaki ya dawo tare da su, ko kwana bai ƙara ba.

To, ni yarinya ce a gabanku, ban isa in yi wa iyayena faɗa ba. Amma tun da ya ke aikina koyarwa ne, ku bar ni in buɗe muku Littafi Mai Tsarki, ku ga ciwon nan ya girmi firiji da janareta nesa ba kusa ba.

A cikin Littafin Ƙidaya, sura 11, Isra'ilawa suna jeji, an fisshe su daga bautar Masar. Kowace safiya abinci yana sauko musu tare da raɓa, watau manna. Ba su yi noma ba, ba su yi shira ba, ba su biya ko anini ba. Mutane su kan tattara, su niƙa ko su daka a turmi, su dafa a tukunya, su yi waina da shi, ɗanɗanonsa kuwa kamar abin da aka toya da mai. Sai ga mutane sun tsaya a ƙofar alfarwansu, gida gida, suna kuka da hawaye. Me ya faru? Sun tuna da kifin Masar, da kokwamba, da kankana, da albasa, da tafarnuwa. Ku duba fa, 'yan'uwa. Sun manta da bulala, sun manta da yin tubali ba a ba su ciyawa ba, sun manta da jariransu maza da aka ce a jefa a kogi. Abin da ya tsaya musu a rai shi ne tafarnuwa. 'Yan'uwana Musulmi masu karanta filin nan, na san ku ma kun san labarin, har da zancen albasar. Aka ba su nama kuwa, makware har suka gundure su, annoba ta bi baya, aka binne mutane da yawa, wurin ya sami suna daga kaburburan masu kwaɗayi.

Nan ne dariya ta kan fara tsaya mini a maƙogwaro. Kukan daɗi yana da ban dariya muddin yana cikin bakin mai shi. Amma ba ya zama a nan. Mai hali in ransa ya ɓaci, akwai na ƙasa da shi da zai sauke wa.

Ku duba Sarki Ahab, cikin Littafin Sarakuna na Ɗaya, sura 21. Sarki ne mai fada a Samariya, da wata kuma a Yezreyel. Sai ya ga gonar inabin wani talaka, Nabot, kusa da fadarsa, ya ce yana so ya mai da ita lambun ganyaye. Nabot ya ƙi, domin gādon kakanninsa ne. Me sarki ya yi? Ya shiga ɗaki, ya kwanta a gado, ya juya fuska, ya ƙi cin abinci, kamar yaron da aka hana alewa. Har nan abin dariya ne. Amma matarsa Yezebel ta shigo ta ga mijinta yana kumbure-kumbure, ta rubuta wasiƙu da sunansa, ta buga hatiminsa, aka samo shaidun zur biyu, aka jejjefi Nabot har ya mutu. A kan lambun ganye fa. Haka kuma Haman cikin Littafin Esta: ya tara matarsa da abokansa, ya lissafa musu dukiyarsa, da yawan 'ya'yansa, da girman da sarki ya ba shi, da gayyatar da sarauniya ta yi masa shi kaɗai tare da sarki, sa'an nan ya ce duk wannan bai yi masa daɗi ba muddin akwai mutum guda a ƙofar fada wanda ba ya rusuna masa. Don mutum guda ya nemi hallaka al'umma ɗungum. Ƙarshensa kun sani, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Za ku ce ai mu ba sarakuna ba ne, ba mu kashe kowa ba. Gaskiya ne. Amma ina da yarinya a ajina, shekarunta ba su wuce 12 ba, an kawo ta daga ƙauye tana aikatau a wani gida, an sa ta makaranta, abin a yaba. Kullum tana gyangyaɗi a darasin farko. Da na ja ta a jiki na gane ita ce ta ƙarshen kwanciya a gidan, ita ce ta farkon tashi. Wata safiya ta zo da kunci a kumbure. Laifinta shi ne ta kawo wa uwargida shayi a kofin da ba shi ta ke so ba. Na tabbata uwargidan nan ba muguwa ba ce a idon kanta. Tana ba da baiko, tana sa anko na Zumuntar Mata, tana kaɗa tulu da waƙa ran Lahadi. Ranta ne ya ɗan ɓaci a kan kofi, yarinya kuwa tana kusa. Na je na gaishe ta, muka yi magana irin ta 'ya da uwa, na roƙe ta a bar yarinyar ta riƙa kwanciya da wuri. Ta karɓa, Allah shi saka mata. Amma gidaje nawa ne malama ba ta zuwa? Tela nawa ne aka hana kuɗin ɗinkinsa a kan yatsa guda na hannun riga, alhali da kuɗin zai sayi hatsin gidansa? Direba nawa aka zage a gaban 'ya'yan cikinsa?

Wannan fuska ɗaya ke nan. Akwai ta biyu, ita ce ma ta sa na ɗauki alƙalami, gama na daɗe ina juya ta a raina.

Ruwa ba ya tsami banza. Na lura sau da yawa macen da ta fi kowa kukan labule da kujeru, ba labulen ne ke damunta ba. Na san wata baiwar Allah, gidanta kamar na sarki, kullum ka je sai ta nuna maka wani abu da ya lalace: fenti ya dushe, famfo yana ɗiga, mai aikin lambu ya yanke furen da ba shi aka ce ba. Matan unguwa suna yi mata dariya a bayan ido, suna cewa daɗi ne ya yi mata yawa. Ran nan aka bar mu mu biyu, tana cikin zancen famfo sai muryarta ta karye. Shekara tara da aure ba haihuwa, dangin miji sun fara magana, maigida kuwa ya kan yi mako uku yana tafiya, in ya dawo wayarsa ce abokiyar hirarsa. Wa za ta faɗa wa? In ta buɗe baki sai a ce, "Ke da Allah ya ba komai?" Saboda haka ta kan yi kukan famfo, don shi ne kukan da a ke yarda mai kuɗi ta yi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Yarinyar nan ma mai kukan biskit, da na bincika, ashe uwarta ce ba ta zo ba, direba aka aiko da kaya, karo na uku ke nan a jere.

To, me za a ce wa irin waɗannan? Abin da mu kan ce shi ne, "Ki gode wa Allah, dubi waɗanda ba su da ko na tuwo." Maganar gaskiya ce, kuma akwai ranar da ta ke da amfani. Mu da ke da tushe a Wusasa muna da abin tunawa. A shekarar 1913 waɗansu daga cikin mutanen da a ke kira Isawa suka zo wurin Likita Miller a birnin Zariya, daga baya suka kafa ƙauyensu a Gimi, suka yi gonaki, suka gina wurin sujada. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya shiga cikinsu, ya kwashe mutane da dama, ƙauyen ya watse. Waɗanda suka ragu su ne suka haɗu da sauran jama'ar da ta koma Wusasa a 1929, suka gina majami'a da jar ƙasa. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, matan da suka binne mazansu da 'ya'yansu suka ji labarin Ayuba da harshen da su ke mafarki da shi. Daga makarantar garin nan aka sami Likita Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. In na tuna da kakannin nan, masu daka da surfe da ɗaukar ruwa a ka, sai zancen igiyar caja ya ba ni kunya a madadin tsarata duka.

Amma kunya ba ta warkar da zuciya. Ta kan rufe baki kawai. Matar nan mai famfo ta san akwai masu gudun hijira a sansani, tana ma aika musu da hatsi. Sanin wannan bai ba ta ɗa ba, bai kuma dawo mata da hirar mijinta ba. Sai ma ya ƙara mata wani nauyi, tana ganin ba ta da izinin yin baƙin ciki.

Abin da na samu cikin Littafi, wanda ya ke sanyaya mini rai, shi ne Ubangiji ba ya auna kuka da mudu kafin ya saurara. Akwai ɗan labari cikin Littafin Sarakuna na Biyu, sura 6, wanda ba a cika yin wa'azi a kansa ba. Almajiran annabawa suna saran itace a bakin Urdun domin su ƙara wurin zama, sai ruwan gatarin ɗayansu ya fice ya faɗa kogi. Ya yi kururuwa, domin gatarin na aro ne. Duk macen da ta taɓa fasa tukunyar aro ta san irin wannan faɗuwar gaba. Elisha bai ce masa ai ana yaƙi da Suriyawa, kai kana kukan gatari ba. Ya tambaye shi inda ya faɗa, ya sari sanda ya jefa, ƙarfe ya taso kan ruwa. Haka kuma alama ta fari da Yesu ya yi, bisa ga Yahaya sura 2, a gidan biki ya yi ta, a Kana ta Galili. Ba wanda ke bakin mutuwa a wurin. Abin sha ne ya ƙare, iyalin ango suna gab da jin kunya a gaban baƙi. Uwa tasa ce ta lura, kamar yadda mata su kan lura da abin da ke faruwa a madafi, aka cika randuna shida na dutse da ruwa. Duk wadda ta taɓa aurar da 'ya, shinkafa ta ƙare ana tsakiyar shigowa, ta san wannan ba ƙaramin abu ba ne a ranar, ko da ya ke bayan shekara za a yi ta dariyarsa.

Wadda na fi ƙauna cikinsu duka ita ce Marta ta Betanya, don na san irinta da yawa, kowace Zumunta tana da tata. A ƙarshen Luka sura 10 ta karɓi babban baƙo, tana ta kai da kawowa, wuta nan, tukunya can, ƙanwarta Maryamu kuwa ta sami wuri ta zauna tana sauraro. Marta ta cika ta batse, ta je ta kai ƙara wurin baƙon kansa, har da ɗan zargi a ciki, wai shi bai damu ba. Kukan daɗi ne sosai: gida na kanta, abinci isasshe, Almasihu a zaurenta, ita kuwa tana fushi a kan wanke-wanke. Ya gyara mata tunani, bai ɓoye mata gaskiya ba, amma ku lura da yadda ya yi. Ya kira sunanta sau biyu, irin kiran da uwa ta kan yi wa 'yar da ta ga ta rikice. Bai kunyata ta ba, bai fasa cin abincinta ba. Ga abin da ya sa wannan ya ke da nauyi: a Yahaya sura 11 ɗan'uwanta Li'azaru ya mutu, ya kwana huɗu a kabari. Wa ya fara fita taryen Yesu a hanya? Marta. Ta san ƙofar, gama ta taɓa ƙwanƙwasa ta da ƙaramin abu ba a kore ta ba. Ranar babban kuka ba ta tsaya neman hanya ba. Ta faɗa masa abin da ke ranta, har da zargin nan nata na dā, cewa da yana nan da ba haka ba. Shi kuwa ya je bakin kabari ya yi hawaye tare da su.

Wannan ya sa ba na so mu koya wa 'ya'yanmu cewa akwai abin da ya yi ƙanƙanta a kai gaban Allah. Yarinyar da aka ce mata kada ta dami Allah da zancen biskit, ba za ta san yadda za ta gaya masa zancen uwarta ba. A bar ta ta fara da biskit ɗin. In ta daɗe a durƙushe, sauran zai fito da kansa. Ni na ga bambanci tsakanin Isra'ilawa masu tafarnuwa da Marta. Su sun tsaya a ƙofar alfarwa suna gunaguni a junansu, kowa yana hura wa ɗan'uwansa wuta, har suna cewa gara Masar. Ita kuwa ta ɗauki nata ta kai wurin mai iya amsawa. Kuka iri ɗaya ne, inda aka kai shi ne ya bambanta.

Wani lokaci amsar ta kan zo da ɗan ba'a mai taushi. Yunusa, wanda tsohuwar fassara ta ke kira Yunana, an cece shi daga teku, an fisshe shi daga cikin kifi, ya yi wa'azi birni guda ya tuba. Sai ya fita bayan gari ya zauna yana fushi. Allah ya tsiro masa da wani tsiro ya yi masa inuwa, ya yi murna ƙwarai. Kashegari tsutsa ta cinye shi, rana ta buge shi, sai annabi ya ce gara ya mutu. A kan inuwa fa, shi da ya kwana uku a cikin kifi! Wannan shi ne kakan mai na'urar sanyaya ɗaki. Allah bai buge shi ba. Tambaya ya yi masa, ko daidai ne ya yi fushi haka, sa'an nan ya juya masa fuska zuwa Nineba, inda mutum fiye da 120,000 su ke, da dabbobi masu yawa. Littafin ya ƙare a kan tambayar, ba a gaya mana abin da Yunusa ya amsa ba.

Wani lokacin kuma amsar tuwo ce da barci. Iliya, bayan babbar nasara a Dutsen Karmel, ya gudu jeji, ya zauna a gindin wani ɗan itace ya roƙi mutuwa. Mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Ya tashe shi, ga waina a kan duwatsu masu zafi, ga tulun ruwa, ya ci ya sha ya koma barci, aka sāke tashe shi ya ƙara ci. Sai da ya yi ƙarfi, ya kai Horeb, kana aka yi masa magana da murya marar ƙarfi, aka gaya masa ba shi kaɗai ya ragu ba, akwai mutum 7,000, aka kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiya. Iyayena, in 'yarku ta zo tana tsaki a kan abin da bai kai ya kawo ba, kafin ku buɗe mata aya, ku tambaye ta ko ta ci abinci, ko ta yi barci, da kuma yaushe rabon da wani ya zauna ya yi hira da ita.

Manzo Bulus, yana ɗaure da sarƙa, ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya koyi zama cikin rashi, ya kuma koyi zama cikin yalwa. Kalmar koyo ce ta tsaya mini, ni malamar makaranta. Mu kan ɗauka talauci ne kaɗai ke bukatar haƙuri da dabara, wadata kuwa kowa ya iya ta. Ashe ita ma darasi ce, tana da jarrabawa, ana kuwa faɗuwa. Iyayenmu sun koya mana yadda a ke riƙon gida in hatsi ya yi ƙasa, don su abin da suka sani ke nan. Ba wanda ya koya wa tsaranmu yadda a ke zama da cikakken firiji ba tare da zuciya ta yi tsami ba, sai mu koya da kanmu, mu koya wa na bayanmu. A cikin sura 4 ɗin nan kuwa, kafin ya kai ga wannan magana, sai da ya tsaya ya roƙi mata biyu na ikkilisiyar, Afodiya da Sintiki, su shirya da juna. Mata ne da suka yi aikin bishara tare da shi, ba 'yan wasa ba. Bai faɗi abin da ya haɗa su ba. Ni dai a raina na kan ce, kada ya zama a kan launin anko ne.

Littafina yana da sauran shafi, saboda haka wadda ta ji wani kukan daɗi, nata ko na maƙwabciya, ta rubuto mini ta hannun Edita, ba sai ta sa suna ba. Wadda kuma nata ba na daɗi ba ne, ya dai sa rigar na daɗi ne don a bar shi ya fita, ita ma ta rubuto, ta sa alama a bayan ambulan, wannan ni kaɗai zan karanta, ba za a buga ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda a ke fid da tabon manja daga farin zane. Uwargidan da ta aiko tana cewa tabon ya sami leshinta mai tsada, wanda sau ɗaya tak ta sa, ta yi haƙuri ta sa ɗaya daga cikin sauran har ran nan.